'Yan Jaje a Gaban Baƙin Allo

Duk wanda ya taɓa sauko da tushen Python ya gina shi da hannunsa ya san ginin ba shi ne abin tsoro ba. Ka buga ./configure, ka bi shi da make, ka je ka sha shayi, ka dawo ka girka. Ka kira sabon Python ɗin, ya amsa da lambar da kake so, har ka gyara zama. Sai ka rubuta import ssl, ya watso maka No module named '_ssl'. Saƙon bai cika layi biyu ba, maganinsa kuma bai wuce umarni ɗaya da sake gini ba. Abin da ke cinye yini shi ne jama'ar da saƙon nan yake tarawa. Ko ka rage hasken allo, ko ka juya wa ƙofa baya, kafin ka ɗago kai an jawo kujeru an kewaye ka, kowa da irin jajen da ya zo da shi.

Dalilin matsalar dai tsofaffin hannu sun haddace shi. Wasu sassan Python ba sa tsayuwa da ƙafarsu, a kan laburaren wasu suke jingina: ssl a kan OpenSSL, ctypes a kan libffi, sqlite3 a kan SQLite, haka zlib da bz2 da lzma da readline. Laburaren yana iya kasancewa a kwamfutar tun ranar da aka saye ta, amma mai harhaɗawa yana buƙatar fayilolin da ke bayyana masa fasalinsa, su kuwa a ƙunshi dabam suke zuwa, mai wutsiyar -dev. Tela ne aka kai wa yadi ba a ba shi awo ba: ba zai yi rigima ba, zai ɗinka sauran kayan ya ajiye wannan a gefe. Kuma Python ba ya ɓoyewa. A ƙarshen make yakan rubuta ƙarara cewa bai sami abin da zai gina sassa kaza da kaza ba, ya jero sunayensu. Rashin karanta wannan jerin shi ke ciyar da kusan duk mutanen da zan ambata.

Na farkon isowa kullum shi ne Malam A-Pip. Duk abin da aka ce babu, amsarsa ɗaya ce: "A pip ɗin ka sa shi mana." Ka ce masa pip da kansa ta hanyar ssl yake fita intanet, kuma yanzun nan ya gama kukan rashinsa. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To, sabunta pip ɗin tukuna." Ba shi da mugun nufi, kuma ba ya daɗewa.

Bayansa akwai Ni-a-wurina-yana-aiki. Zai buɗe tasa kwamfutar, ya rubuta import ssl, ya juyo maka da allon ka gani da idonka. Windows ce a kanta, Python ɗinsa kuma ginanne ya sauko da shi, da OpenSSL ɗinsa a ciki. Bai taɓa ganin configure ba ko a mafarki. Gudummawarsa ita ce ya sanar da kai shi lafiyarsa ƙalau.

Amma wanda nake jira, wanda in ban gan shi ba nakan ji yinin bai cika ba, shi ne Sarkin Gudu. Shi ba ya gina Python don babu wanda ya dace a kwamfutar. Yana gina shi ne don na kanti, a cewarsa, rago ne. Yana da wani fayil da ya daɗe yana tara tutocin configure a ciki, kuma bai taɓa cire ko ɗaya ba. Akwai --enable-optimizations, akwai --with-lto, akwai --enable-shared da shi kansa ya manta dalilin sa ta, sannan a CFLAGS ya jibga -O3 da -march=native. In ka tambaye shi ribar, yakan ambaci kashi kaza cikin ɗari, kuma duk ranar da ka sake tambaya za ka tarar lambar ta ƙaru. Manhajar da ake wannan hidima dominta kuwa wata 'yar mitsitsiya ce da ke karanta jadawalin Excel sau ɗaya a wata ta tura wa akanta wasiƙa. Kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli ta gama.

Kowa ya san abin da --enable-optimizations take yi: a gina Python, a sa shi ya yi ta gudanar da gwaje-gwajensa ana lura da hanyoyin da ya fi bi, sannan a sake gina shi bisa abin da aka gani. Daga 3.8 masu Python suka tausaya wa jama'a suka rage yawan gwajin. Sarkin Gudu ya ɗauki wannan a matsayin cin amana, ya binciko yadda ake dawo da dogon gwajin, ya dawo da shi. Sannan ya ce make -j32 a kan kwamfutar cinya mai ƙwaƙwalwa huɗu kacal. A watan Afrilu. Fankar kwamfutar ta kama kuka har na ofishin gaba ya leƙo, shi kuwa ya aiki yaro ya sayo fiya wata mai sanyi guda biyu, ya ɗora kwamfutar a kai, ya harɗe hannu ya zuba mata ido. Ba ka isa ka taɓa teburin ba. Ba ka isa ka ce bari ka ɗan sa caji a soket ɗinsa ba. Da aka ɗauke wuta, tsohon batirin ya fara alamar cewa ga garinku nan, sai Sarki ya miƙe da kansa, mutumin da bai taɓa tambayar inda janareta yake ba, ya je ya tsaya a kan maigadi har aka tayar.

Ga kuma inda basirarsa ta fi fitowa. Ya gano cewa rubutun da make ke zubowa a allo yana rage gudun gini, saboda haka yakan tura shi gaba ɗaya zuwa /dev/null. Wato jerin nan guda ɗaya da zai gaya masa abin da ya ɓace, da hannunsa yake halaka shi tun kafin ya iso. Bayan la'asar aka gama. Ya kira mu mu zo mu shaida. Ya kira Python, sai ga error while loading shared libraries, wai ba a ga libpython ba. --enable-shared ɗin nan ce ta biyo bashinta, don bai buga ldconfig ba. Aka buga masa. Python ya tashi. Ya gyara wuyan riga ya rubuta import ssl.

"Kun ga ai kuskuren ya canza," in ji shi. "Alamar muna kan hanya ke nan."

Na ce, "Yallaɓai, ko dai libssl-dev ce babu?" Ya dube ni da tausayi. Ya ce abin ya fi nan zurfi. A ganinsa GCC ne ya tsufa, ko lto ce ta ci karo da -O3, ko kuma ɗauke wutar nan ce ta bar wani tabo a ƙasa. Ba ya kawo hasashe sai wanda maganinsa shi ne a ƙara tuta a sake gini daga farko, domin a gaskiya ba Python yake so ba, ginin yake so: kukan fanka, da mutane na wucewa suna cewa "ana ta fama?", shi kuma yana amsawa da "ai sai a hankali". Ranar da ya yarda aka sa ƙunshin aka sake gini, komai ya tashi, sai ya kwashi abin da ya gina ya kai tsohuwar sabar ofis. Ita kuwa -march=native ma'anarta a gina daidai da ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake kai, ba ta wata ba. Sabar ta dubi abin ta ce Illegal instruction. Na ga farin ciki a idonsa. An sami dalilin sake gini.

Kishiyarsa shi ne Malam Haƙuri, wanda ya gina nasa tun shekarun baya ba tare da readline ba, kuma ya zauna da shi a haka. In ya danna kibiyar sama don ya dawo da layin da ya rubuta, sai ^[[A ya fito, sai ya goge ya sake rubuta layin daga farko, harafi bayan harafi, ko tsaki babu. Duk sanda ya kira pandas sai ya gargaɗe shi cewa babu lzma, Python ɗinsa bai cika ba; shi ya ɗauki wannan gaisuwa ce. Django ya nemi sqlite3 bai samu ba, sai ya girka PostgreSQL sukutum don gwajin shafi ɗaya. Ka ce masa gyaran ba zai kai shan shayi ba, ya ce, "Bar shi, Malam, tunda yana tafiya."

'Yan wa'azi ƙungiya-ƙungiya suke zuwa, kuma ba sa ga maciji da juna. Na Docker zai ce tun 2013 aka daina irin wannan wahala, ka jawo ginanne ka huta. Ba ya tambayar wa zai biya kuɗin data, balle ko mai sabar ya yarda a ɗora Docker a kanta. Na conda zai faɗi haka da wasu kalmomi. Wanda na fi so a cikinsu shi ne na pyenv, saboda shi wa'azinsa a gabanka yake rushewa. Ai pyenv ɗin ma tushen yake saukowa da shi ya gina, a kan wannan kwamfutar dai da ba ta da libssl-dev. Zai ɓata nasa lokacin, sannan ya tambayi mai wa'azin cikin ladabi ko OpenSSL ne babu. Sai mai wa'azi ya ce yau sabis ne ba kyau. Dukkansu suna da gaskiya a wani wuri, a kan wata kwamfuta. Tambayar da ke gabanka ce kawai ba su zo amsawa ba.

Akwai Mai Dogon Layi. Yana da umarni guda a ajiye a wayarsa, wanda wani ya turo masa, wanda shi ma wani ya turo masa, mai ɗauke da sunayen ƙunshi rututu. Layin kansa ba laifi, har da tk-dev a ciki ko da sabar ba ta taɓa ganin allo ba. Matsalar ita ce da apt ya fara, sabar kuwa 'yar gidan Red Hat ce, inda libssl-dev ke amsa sunan openssl-devel, zlib1g-dev kuma zlib-devel. Idan aka yi sa'a gidan ya dace, ƙunshin duk suka sauka, sai ya koma nan take ya rubuta import ssl, yana mamakin yadda har yanzu babu. Ka ce masa sai an sake configure an sake make, domin Python ɗin da ke zaune an gina shi ne lokacin da babu su. Ya ce, "Ai na sa su." Ka sake bayani. Ya ce, "Wallahi na sa su, tsaya ka gani." Ya sake buga dogon layin don ka shaida, apt ya ce duk suna nan, ya juyo ya dube ka, wai shi ya yi nasara.

Wanda ba ya kusa kuma yakan turo nasa ta WhatsApp. Ba kwafin rubutun ba, hoton allo da kyamarar waya, a karkace, hasken taga a tsakiya, inuwar fuskarsa tana leƙe. Ana ganin Traceback, ana ganin jerin hanyoyin fayil, layin ƙarshe kuwa, wanda shi kaɗai ke ɗauke da sunan abin da ya ɓace, gefen hoton ya datse shi daidai bayan No module named. A ƙarƙashi: "Yaya, mene ne wannan?" Kafin ka gama juya wayar ka daidaita hoton: "Yaya?"

Da Baba kuwa ba na wasa, girmama shi nake yi. Shi ke riƙe da tsohuwar sabar CentOS 7, wadda aka daina tallafa wa tun ƙarshen Yunin 2024, amma tana nan tana aiki, kuma a wurinsa wannan ya isa hujja. OpenSSL ɗinta 1.0.2 ne. Python 3.10, da ya fito a Oktoban 2021, ya ce daga 1.1.1 zuwa sama kawai yake karɓa. Saboda haka a nan ko ka sa openssl-devel, ka bi kowace ƙa'ida, _ssl ba zai ginu ba, kuma Baba ya san haka tun kafin ka zauna. Zai bar ka ka gama tsaf, sannan ya ce, "Yaro, a zamanin 2.7 ba mu san wannan ba." An yi wa Python 2 sallama ranar 1 ga Janairun 2020, Baba bai halarci jana'izar ba. Yana da labarin yadda 3.7 ya daina zuwa da libffi nasa a Linux aka wayi gari kowa na kukan _ctypes, yana da na distutils da aka cire a 3.12 mutane suka yi ta zargin gininsu alhali da gangan aka cire, kuma duk labaran wuri guda suke sauka: tun da Guido van Rossum ya ajiye jagoranci a 2018 yara suka karɓe gida. Amma Baba ne kaɗai a taron nan da zai ce maka kada ka kuskura ka taɓa Python ɗin da yum ke dogaro da shi. In ka bi shi a hankali, zai nuna maka yadda ake gina sabon OpenSSL a ajiye shi gefe guda a nuna wa configure wurin da --with-openssl. Sai dai ka saurari labarin 2.7 har ƙarshe, kuɗin aikin ke nan.

Wanda bai saurari Baba ba shi ne Sudo Gaba-Gaɗi. Duk umarnin da ya ƙi, sudo ne maganinsa. In ya ƙi da sudo, chmod 777. Takardun Python sun ba da shawarar make altinstall don kada sabo ya hau kan na gida, shi kuwa yana ganin wannan tsoro ne. Zai gina da --prefix=/usr, ko ya karkatar da /usr/bin/python3 ya nuna sabon, wai don kwamfuta ta san an ci gaba. Ubuntu kuwa kayan aikinta da yawa da Python ɗinta na gida suke tafiya. Da safe taminal ta ƙi buɗewa, add-apt-repository ya ce No module named 'apt_pkg', kayan da za a yi gyaran da su su ne suka fara mutuwa. Ya shigo da kuskure ɗaya, ya fita da kwamfutar da sai an sake mata Ubuntu. Gyaran gangar Abzinawa. Abin da ke hana ni jin haushinsa shi ne tasa yake kashewa, kuma sau ɗaya mutum yake yin haka a rayuwa. Galibi dai.

Sai ɗan bautar ƙasa, bawan Allah, da ya gina komai daidai, babu sashen da ya ɓace, amma ya sa wa fayilin gwajinsa suna random.py, ko email.py. Python kuwa foldar da shirin yake ciki yake fara dubawa, sai ya ɗauki na yaron a maimakon nasa, komai ya rikice. Taron nan kaf zai hau kan ginin: Sarkin Gudu ya kawo tuta, na Docker ya buɗe wa'azi, Sudo ya naɗe hannun riga. Daga 3.13 Python da kansa ya fara cewa ko za ka canza wa fayilin suna, abin da ya rage wa ofisoshi nishaɗi ba kaɗan ba.

Oga ba ya jawo kujera, daga bakin ƙofa yake nasa. "An gama?" A ce saura kaɗan. "Ba kun ce kyauta ne ba?" A ce kyauta ne, ranka ya daɗe. "To, ɗana ya sa shi a kwamfutarsa kafin a gama tuwon dare." Ya wuce.

Akwai kuma wani da ba ya zama. A bayan kujera yake tsayawa, hannu a aljihu, ba ya taɓa maɓalli, kalmominsa biyu ne: "Koma sama." Ka koma sama. "Ƙara." Yana da gaskiya, jerin yana can sama, kuma ya san yana da gaskiya, abin da ya sa zama da shi ke da wuya ke nan. Yakan lura da halin kowa, har an ce yana rubutawa yana kai wa mujalla. Tun bara Oga ya ce ya rubuta shafi ɗaya na matakan gini a manna a bango a huta da wannan taro. Shafin yana nan tafe. In aka manna shi, wa zai taru?

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Akwai guda ɗaya da ba na iyawa, kuma a kansa dariya take ƙare mini. Shi ne Mai Gyaran Dare. Ba jahili ba ne. Da jahili ne da an yafe masa. Tun kallon farko ya san ainihin abin da ya ɓace. Zai yi shiru har kowa ya gaji ya tafi gida, ya zauna shi kaɗai, da safe a tarar komai na aiki. Ka tambaye shi me ya yi, ya ce, "Ɗan taɓawa na yi." Ka duba tarihin umarni, ya share.

Abin da ya yi sai daga baya yake fitowa, ɗaya bayan ɗaya. Ya gina OpenSSL a cikin foldarsa ta kansa, ya kulle ta, ya sa LD_LIBRARY_PATH a .bashrc ɗinsa, saboda haka Python yana ganin laburaren ne kawai idan shi ne ya shiga. Tun 3.10 akwai --with-openssl-rpath da za ta ɗaure hanyar a jikin ginin kowa ya amfana. Ya san da ita, bai sa ba. Inda aka nemi libffi.so.6 babu, ya ƙirƙiri mahaɗi mai wannan suna ya nuna libffi.so.7, wato ya yi wa kwamfuta ƙarya, ita kuma ta yarda har ranar da za ta kife ba tare da ta ce uffan ba. Inda takardar shaidar tsaro ta ƙi tabbata, ya kashe tabbatarwar gaba ɗaya, a manhajar da ke ɗauke da bayanan albashin mutane. OpenSSL 1.1.1 ɗin da ya ɓoye kuma tun Satumban 2023 aka daina fitar masa da gyaran tsaro na kowa da kowa, babu mai sauya shi tunda babu wanda ya san yana nan.

Sai dare ya yi, cron ya tashi aikinsa, shi kuwa cron ba ya karanta .bashrc ɗin kowa. Aikin ya faɗi. Da safe a kira shi, ya shigo a nitse, ya shiga da sunansa, ya buga umarnin, ya tafi sumul. Oga ya ce, "Kai, in ba kai ba wa zai iya?" Wannan jimlar ake nema tun farko.

Yabon bai dame ni ba, ya ci abinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda laifin ke faɗa wa. Na ga ɗalibar da ta zo koyon aiki daga jami'a, yarinya mai natsuwa, ita kaɗai ce a ɗakin da na taɓa gani ta karanta ƙarshen make ba tare da an ce mata koma sama ba. A sunanta shirin ya ƙi, a sunansa ya yi. Saƙon ya ce ba a ga libssl.so.1.1 ba, ta duba duk inda laburare ke zama, babu. Ta je ta same shi cikin girmamawa ta ce, "Yallaɓai, ko akwai abin da na tsallake?" Ya ce, a gaban mutane, "Wannan aikin ba na kowa ba ne, ƙanwata." Ta yi kwanaki tana neman kuskuren da ba nata ba, har ta fara cewa ƙila kanta ne ba ya ɗauka, ko ta koma ɓangaren shigar da bayanai. Mutum ya ɓoye layi ɗaya a fayilinsa, sannan ya zauna yana kallon yarinya tana zargin ƙwaƙwalwarta. Wannan ba raha ba ce, mugunta ce, kuma ba na sa shi a sahun 'yan jaje. Ranar da ta gano, a allonsa ta hango, ya buga env ya manta tana tsaye a bayansa. Ta nuna masa layin da yatsa. Ya ce, "Au, wannan? Ai na ɗauka kowa ya sani."

Ba ta ce masa komai ba. Ta sake ginin a /opt, da rpath, ta cire mahaɗin ƙaryar, ta mayar da tabbatar da shaida, cron ya kwana lafiya. Ta kuma rubuta matakan a shafi ɗaya. Wanda aka ɗora wa aikin shafin tun bara ya karɓa ya duba, ya ce ba laifi, ya gyara mata waƙafi biyu.

Bayan an watse, an mayar da kujeru, sai ga Ai-da-kun-kira-ni ya shigo yana kaɗa makullin mota. A ba shi labari, ya girgiza kai don takaicin lokacin da aka ɓata ba shi. Shi ya sha ganin irin wannan, shi ko allo ba sai ya duba ba. "Abu mai sauƙi," in ji shi. "Da libssl-devel kuka sa, shi ke nan." Babu ƙunshi mai wannan suna a Ubuntu, babu shi a CentOS. Malam A-Pip, da ya dawo ɗaukar cajarsa, ya ce ko a pip yake.